Injin da Ishaku Ya Ƙi Kashewa

Akwai wani mutum a garin Jos mai suna Ishaku, gwanin kwamfuta ne na gaske, amma idan ka gan shi yana tafiya a titi sai ka ɗauka baƙo ne, alhali a garin aka yanke cibiyarsa.

Kakansa ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, ya gina gida a Laranto. Gidan nan ya taɓa cika da mutane har ana rigima a kan igiyar shanya. Bayan rasuwar mahaifiyar Ishaku sai 'yan uwansa suka watse, wannan ya koma Kano, wancan Abuja, matan suka bi mazajensu. Shi kaɗai ya rage da ɗakuna a kulle.

Ya doshi shekara arba'in bai yi aure ba. Ba ƙi ya yi ba, hira ce bai iya ba. In ya je zance, kafin yarinya ta gama gaishe shi ya fara yi mata bayanin batir da wayar wuta.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shago a Katako. A ƙasa injinan yanka katako suna ta ƙara tun safe, a sama kuma Ishaku ne zaune da wata babbar kwamfuta, irin wadda ake kira saba, mai riƙe wa mutane ayyukansu ba dare ba rana. Ya raɗa mata suna Tsohuwa. In ya shigo da safe ita yake fara gaisarwa, kuma ba wasa nake muku ba.

A cikin Tsohuwa akwai manhajar dillalan kayan gwari na Farin Gada da suke neman motar lodi da ita, akwai ta wata makaranta, akwai kuma ta wani ƙaramin asibitin mata.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, don labarin ya shiga. Injin ɗaya ne, amma kowa da ɗakinsa a ciki, kamar gidan haya. Kowane ɗaki shi ake kira kwantena. Akwai kuma manhajar da ke gina ɗakunan tana tsare bangon da ke tsakaninsu, masu sana'ar suna ce mata rantayim. Muddin tana da lafiya, wanda ke wannan ɗaki ba ya ganin abin da ke ɗakin maƙwabcinsa.

Asibitin nan na Mama Yemisi ne. Nas ce kuma ungozoma, Bayarabiya, Kirista, wadda aka kawo Jos tana amarya daga Ogbomosho, ta tsufa a Laranto. Ƙawar mahaifiyar Ishaku ce ta ƙut da ƙut, ita ce ma ta karɓi haihuwarsa. Ba ta taɓa kiransa Ishaku ba, Isiyaka take cewa, yadda mutanensu ke faɗa.

A duk faɗin garin ita kaɗai ce ke buga masa waya ba don wani abu ya lalace ba. Sai ta kira ta ce, “Isiyaka, ka ci abinci? Kar ka yi mini ƙarya, ina jin yunwa a muryarka.”

Ranar da ta yarda aka ɗora bayanan marasa lafiyarta a injinsa, sai da ta zaunar da shi ta riƙe hannunsa.

“Ka saurare ni da kyau,” in ji ta. “Abin da ke ciki asirin mata ne. Akwai wadda ke shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, dangin mijinta ba su sani ba. Akwai wadda ta yi ɓari ta ɓoye. Ni suka gaya wa, ni kaɗai. Don kai ɗana ne shi ya sa zan ba ka.”

“Mama, ki kwantar da hankalinki,” ya ce. “Ɗakinki daban yake. Ko ni ba zan leƙa ba.”

Kuma ya cika wannan alkawari, bai taɓa leƙawa ba. Ishaku ba maci amana ba ne. Ciwonsa wani ne daban.

A allon injin akwai wata lamba da ke nuna tsawon lokacin da ya yi yana aiki ba a kashe shi ba. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, riƙe inji a kunne aiki ne ja. Ishaku ya haɗa sola, ya jera batura, ya ajiye janareto. Tsohuwa ta haura shekara biyu ba ta rintsa ba.

Duk ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya ɗauki hoton lambar nan ya tura wani guruf na masu sana'ar kwamfuta. Wannan ya ce “Oga, ka yi ƙoƙari,” wancan ya turo hoton tafi. Ishaku ya zauna ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa. Wannan yabon shi ne hirarsa ta mako, don haka lambar ta zame masa kamar 'yar da ya haifa.

Lambar nan ce ma ta raba shi da abokinsa tilo.

Natana'el sunansa, tare suka yi makaranta, tare suka buɗe ofishin. A farkon tafiyarsu wata rana Natana'el ya kashe injin don ya sabunta manhajoji, lamba ta koma sifili. Ishaku ya dawo ya gani, ya rufe ido ya zazzage masa rashin mutunci a gaban masu shagon ƙasa, har da ce masa bai san aiki ba. Natana'el ya juya ya fita. Washegari ya kwashe kayansa ya koma Bukuru, yana yi wa wasu kamfanoni aiki daga gida.

Tun daga nan kujera ta biyu a ofishin ta zama wurin ajiye kwali.

Ana haka, cikin damina, wani mutum daga guruf ɗin ya biyo Ishaku ta gefe. Ya ce sunansa Mahdi, ɗalibi ne a wani gari mai nisa, yana koyon sana'ar.

“Babban yaya,” ya rubuto, “ban taɓa ganin mai riƙe inji kamarka ba. Don Allah ka ɗauke ni ɗalibi.”

Kan Ishaku ya kumbura. Ya amsa masa da dogon bayani, ya zaci daga nan za a gudu kamar yadda aka saba. Sai ga wata tambayar. Ya amsa. Sai ga wata.

Kafin wata ya zagayo, Mahdi ya zama wanda Ishaku ke fara dubawa in ya tashi. Yaya sanyin Jos? An yi ruwa? Babban yaya ya karya kuwa? Ishaku, wanda ke cin abincin rana shi kaɗai yana kallon bango, yanzu da hannu ɗaya yake ci, ɗayan yana kan waya, har dariya ake ji daga sama. Masu katako suka fara tsokanarsa cewa ango ya kusa.

Ya ba Mahdi labarin mahaifiyarsa. Ya ba shi labarin gidan Laranto da yadda yake jin motsin kansa in ya shiga. Ya gaya masa waɗanda ke da ɗakuna a injinsa, har da asibitin Mama Yemisi, don ya nuna masa irin yardar da aka yi da shi. Fuskar Mahdi kuwa bai taɓa gani ba, ko muryarsa bai taɓa ji ba. Kullum da uzuri, yau lasifikar waya ta lalace, gobe yana cikin aji.

Wata rana Mahdi ya rubuto, “Babban yaya, ina jin kunya, amma ba ni da inda zan gwada abin da kake koya mini. Ko za ka sam mini ɗan ƙaramin kwantena a jikin Tsohuwa? Zan zuba kayana da kaina, ba zan dame ka ba.”

Ishaku bai yi dogon tunani ba. Ai kowa da ɗakinsa, bango kuma na tsaye. Ya buɗe masa ɗaki, ya ba shi mabuɗi kyauta. Ranar ya koma gida yana jin shi ma yana da ƙani.

Ba a daɗe ba sai labari ya bazu a tsakanin masu sana'ar cewa an gano ɓaraka a manhajar nan mai tsare bango. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun fitar da gyara, abin da ake kira faci, suka ce kowa ya hanzarta. Sai dai a irin tsarin da Ishaku ya yi, gyaran ba zai zauna ba sai an kashe injin an sake kunna shi.

Ishaku ya karanta sanarwar, ya dubi lambarsa, ya rufe shafin.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ana yayyafi, ya ji takun mutum a matakala. Natana'el ne, da rigar ruwa a jiƙe. Rabon da ya taka ofishin tun ranar da ya fita.

Zuciyar Ishaku ta yi tsalle don murna, gaskiya ke nan. Amma sai ya sha mur, ko kwalin kan kujera bai ɗauke masa ba.

“Ishaku, ka ga sanarwar nan?” in ji Natana'el.

“Na gani.”

“Ka yi facin?”

“Zan yi.”

“Yaushe?”

“In na shirya.”

Natana'el ya goge ruwan fuskarsa. “Mutumina, wannan ba irin wanda ake jira ba ne. Ka san tsofaffin gidajen hayan nan da bango bai kai rufi ba? Kowa ya kulle ƙofarsa, amma ɓarawo ya hau ta silin ya dira ɗakin da ya ga dama. Haka abin yake. Duk wanda ke da kwantena ɗaya a injinka, in ya san hanya, ya mallaki injin gaba ɗaya. Akwai wanda ba ka sani ba a ciki?”

Ishaku ya kau da kai. “Duk na san su.”

“Har yaron da kake yabo a guruf? Ka taɓa ganinsa?”

“Ƙanina ne. Ina ruwanka?”

“Abeg, ka fitar da shi yau, ka kashe injin ka yi gyara. Ko shayi ba za ka gama sha ba an gama. In kana so ni zan zauna in taya ka. Ba don kai na zo ba ma, kayan Mama Yemisi na ciki. Ita ta karɓi haihuwar 'yata.”

Da Natana'el ya tsaya a nan, wataƙila da an dace. Amma idonsa ya kai kan allo, ya ga lambar, sai ya girgiza kai ya ce, “Har yanzu wannan abin kake bauta wa?”

Nan Ishaku ya hau. “Dama na sani. Tun da can lambar nan ke tsone maka ido. Kai ka taɓa riƙe inji wata shida? Ka zo ka sake mayar da ni sifili, ka koma guruf ana dariya. To ba za a kashe ba. Bayan Sallah na duba.”

Natana'el ya dube shi ya daɗe, irin kallon da ake yi wa mara lafiyan da ya ƙi magani. “Lambar wayata ba ta canza ba,” ya ce, ya sauka.

Ishaku ya tsaya a taga yana kallonsa har ya shiga Keke. Ya so ya kira shi ya ce ya dawo su sha shayi. Amma sai ya koma kujerarsa ya zauna.

Don ya huce, sai ya ɗauki waya ya kwashe labarin duka ya gaya wa Mahdi.

“Kai, mutane da hassada,” Mahdi ya rubuto. “Amma babban yaya, ba dai za ka kashe Tsohuwa ba?”

“Allah ya kiyaye.”

“Ke nan ba ka yi facin ba tukuna?”

“Ban yi ba, kuma ba yanzu ba.”

“Haka nake son ji. Kai daban ne.”

Jama'a, ku duba wannan. Da hannunsa ya rubuta wa baƙo cewa silin a buɗe yake, kuma zai daɗe a buɗe. Ya ajiye wayar yana murmushi, yana ganin ya sami mai fahimtarsa.

Washegari ba gaisuwar safe. Ishaku ya ce ko caji ne ya ƙare. Da rana ya tura, “Ƙanina, lafiya?” Shiru. Ya sayi shinkafa da wake, ya ci rabi ya rufe. Bayan kwana biyu ya sake turawa, “Ko na yi maka laifi ne?” Saƙon ko shiga bai yi ba. Ya duba guruf, ya ga Mahdi ya fita.

Abin tausayi, ko a lokacin bai kawo komai a ransa game da injin ba. Abin da ke cinsa shi ne an sake barinsa. Ya riƙa bin tsofaffin hirarrakinsu yana neman inda ya yi kuskuren magana. Ranar Juma'a ya tura hoton lambarsa kamar kullum, aka yi tafi, bai ji daɗin komai ba.

Ranar Litinin da safe wayarsa ta yi ƙara. Mama Yemisi ce. Ba ta tambaye shi ko ya ci abinci ba.

“Isiyaka, ka zo asibiti yanzu.”

Ya tarar da mata uku a ɗakin jira, ba mai kallon wata. Ɗaya ta rufe fuska da gyale tana kuka ƙasa-ƙasa. Mama Yemisi ta ja shi ofishinta, ta miƙa masa wata waya.

Saƙo ne daga lambar da ba a sani ba. An rubuta cikakken sunan matar, da ciwon da ke damunta, da maganin da take karɓa, da ranar da ta zo asibiti ta ƙarshe. A ƙasa an ce ta yi abin da za a umarce ta, in ba haka ba a tura wa duk wanda ya san ta.

“Tun jiya suke zuwa,” in ji Mama Yemisi. “Wasu an riga an tura wa danginsu. Nas-nas ɗina sun rantse ba su ba ne, na kuma yarda da su. Wannan rubutun, yadda na shigar da shi a kwamfuta haka ya fito, har da inda na yi kuskuren harafi. Ka gaya mini gaskiya, daga wurinka ne?”

Ishaku ya sake duban saƙon. A take komai ya haɗu a kansa, gaisuwar safe, da ɗan ƙaramin ɗakin, da tambayar nan ta ƙarshe.

“Mama, bari in je in duba,” ya ce.

A bakin titi ya kira Natana'el. Bai iya yin bayani ba, cewa kawai ya yi, “Nata, ka zo.”

Natana'el ya zo. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko da ido. Ya sauke kwalin da kansa, ya ja kujera ya zauna, suka shiga bin sawu. Ba su sha wahala ba. Daga ɗakin Mahdi aka fito, aka hau can saman injin inda ake ganin kowane ɗaki, aka wuce na dillalai da na makaranta ba a taɓa ba, aka shiga na asibiti aka kwafe shi tas. An yi wannan aiki ne a yammacin ranar da Ishaku ya rubuta cewa bai yi faci ba.

“Dole a kashe shi yanzu,” in ji Natana'el a hankali. “Kuma ba faci kaɗai ba, sai an rushe komai an sake gini, don ba mu san abin da ya bari a ciki ba. Sannan a sanar da hukuma, a sanar da sauran masu ɗakuna. Ni zan danna ko kai?”

“Ni zan yi.”

Ya danna. Fankokin Tsohuwa suka yi ta rage gudu har suka tsaya. Ishaku ya zauna hannu a cinya. Abin da ya ƙi yi don kada lamba ta faɗi, ga shi ya yi, bai ɗauki lokacin kirki ba, kuma bai dawo wa ko mace ɗaya da asirinta ba.

Da yamma ya koma asibiti ya gaya wa Mama Yemisi komai. Bai rage ba. Ya faɗi zancen sanarwa, da zuwan Natana'el, da baƙon da ya ba ɗaki, da lambar.

Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce, “Lamba?”

“E, Mama.”

“Lambar nan, in ta yi yawa, me ake ba ka?”

Ya sunkuyar da kai. “Ba komai. Yabo kawai.”

Ya so ta zage shi, ko ta ɗaga hannu ta mare shi kamar yadda ta taɓa yi yana yaro. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabaranta ta goge, ta mayar, ta ce, “Ka tafi gida. Ina da marasa lafiya.”

Makonni suka wuce. Natana'el ya taya shi sake gina injin, ya kwashe kayan asibitin zuwa wani wuri bisa umarnin Mama, sannan ya koma Bukuru. Hukuma ta karɓi ƙorafi ta ce tana bincike. Mahdi kuwa, in ma sunansa ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ishaku ya fice daga guruf. Wayarsa takan wuni a kan tebur ba ta yi motsi ba.

Abin da ya fi damun Mama Yemisi ba sunan asibitinta ba ne. Matan ne suka daina zuwa. Waɗanda ke karɓar magani duk wata suka ɗauke ƙafa, don gani suke duk wanda ya gan su a ƙofar ya san dalili. Irin wannan magani kuwa ba a yi masa hutu.

Sai tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta, ta fara bin su gida-gida.

Wata Asabar Ishaku na cikin Keke zai wuce Farin Gada, sai ya hango ta. Tana ratsa tsakanin manyan motoci da buhunan kabeji, ƙafarta duk taɓo, da wata jaka mai nauyi a kafaɗa, tana tsayawa tana tambayar masu lodi. Ya ce wa mai Keke ya tsaya.

Ya isa gare ta ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a gajarce. Ya miƙa hannu ya karɓi jakar, ta sakar masa, amma ba ta dube shi ba.

Wata mata take nema mai suna Maimunatu, mai sayar da karas da kabeji, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. An tura saƙon nan a wayar wasu abokan sana'arta. Daga ranar masu saye suka riƙa tsallake rumfarta, maƙwabciyarta ta janye tirenta gefe. Maimunatu ta daina fitowa kasuwa, ta kuma daina zuwa karɓar magani.

Wani mai lodi ya kwatanta musu gidan, can bayan kasuwa. Suka bi lungu, Mama a gaba tana ɗingishi, Ishaku a baya da jaka.

A ƙofar ɗakin ta buɗe jakar tana hannunsa, ta zaro ƙullin magani.

“Tsaya a nan,” ta ce. “Ba ta san ka ba, kuma ba na so ta san ka.”

Ta yi sallama ta shiga. Ƙofar langa-langa ce, ba ta tare magana. Ishaku ya ji muryar matar, a dishe, irin ta wanda ya daɗe a kwance.

“Mama, ke ce da kanki? Da wannan ƙafar?”

“Ni ce. Tashi ki sha, 'yata. Kin rame.”

Sai ya ji ƙarar kofi. Can matar ta ce, “Mama, abu ɗaya nake so in sani. Ko uwata ban gaya wa ba. Yarana ba su sani ba, sai a bakin 'yan kasuwa suka ji. Ke kaɗai na gaya wa. Wa ya tona ni?”

Ishaku ya ƙanƙame jakar. Ya jira ya ji sunansa. Ya ma fi so ya ji shi, ko ya ɗauki nauyin laifinsa da kansa.

Muryar Mama Yemisi ce ta biyo baya.

“Ni ce,” ta ce. “Kin ba ni ajiya, ni kuma na ba wani. Na ɗauka na san shi, don a hannuna aka haife shi. Ki yafe mini, Maimunatu.”

Ishaku ya ji ƙarar gwiwoyin tsohuwar sun taɓa siminti. Mace mai jikoki ta durƙusa a gaban sa'ar 'yar cikinta tana roƙon gafarar laifin da shi ya yi.

Yana tsaye a lungun, jaka a hannu, hawaye na zuba, mutane na wucewa da buhuna suna ce masa ya matsa. Ba shi da izinin shiga, kuma ya kasa tafiya.

Darasi: Duk abin da aka ba ka ajiya, ko a inji yake ko a zuciya, rayuwar wani ce a hannunka. In an ce akwai ɓaraka, ka toshe ta a ranar, ko da za ta zubar maka da abin da kake taƙama da shi, domin jinkirinka wani ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Kada kaɗaici ya sa ka buɗe wa mai daɗin baki ƙofa, ka rufe wa mai gaya maka gaskiya. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da sirrin mutane, a ofis ne, a asibiti ne ko a waya, wataƙila yau akwai gyaran da yake ta ɗagawa.